Ƙamusun Oxford da kalmomin araha: ra'ayin mai tsara talla

Sana'ata tsara takardun talla ce. Ina da ɗan shago a Kano inda nake zana fosta da bana da katin kasuwanci, da hotunan nan da 'yan kasuwa ke ɗorawa a WhatsApp da Instagram. Yawancin masu kawo min aiki da Hausa suke ciniki tun safe har magariba, amma da an zo kan rubutun talla sai su ce a yi da Turanci, don suna son mai saye na Abuja da Legas da Fatakwal ya karanta. Kusan dukkansu kuma magana ɗaya suke so a isar: kayana masu kyau ne, kuma akwai sauƙi. Ta farkon ba ta ba ni wahala. Ta biyun ce ta sa na sayi Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na 10 wanda ya fito a 2020. Littafin yana da faɗi ƙwarai, ba zan iya zagaye shi duka ba. A kan lungu ɗaya zan tsaya, wanda nake shiga kusan kullum, wato kalmomin da Turawa ke faɗin cewa abu ba shi da tsada.

A Hausa ba mu da matsala da wannan. Muna da araha, muna da rahusa, muna da sauƙi, ga rangwame, ga ragi, ga garaɓasa, ga bagas da ɓulus, kuma kowane yaron shago ya san inda kowacce take zama. Ba za ka taɓa jin ɗan Kantin Kwari ya ce wa Hajiyar da ta zo haɗa lefe “wannan shaddar mai araha ce” ba. Cewa zai yi, “Hajiya, akwai sauƙi, za a duba miki.” Ya san araha ba ta ado. Amma mutumin nan da ya ƙware haka a harshensa, da zarar ya koma Turanci sai ka tarar kalma ɗaya tak gare shi: “cheap”. Ƙananan ƙamus na Turanci da Hausa da muka taso da su ba su taimaka ba, don abin da za su gaya maka shi ne “cheap” araha ce, shi ke nan an wuce.

Abin da ya fi burge ni a wannan ƙamus wani ɗan akwati ne da aka ajiye a kusa da kalmar “cheap”. A ciki an jera kalmomi shida masu kusancin ma'ana: “cheap”, “competitive”, “budget”, “affordable”, “reasonable” da “inexpensive”. An bi kowacce an faɗi inda ta rabu da 'yar'uwarta, sannan a ƙasa an nuna irin kalmomin da kowacce ke tafiya da su. Akwatin bai kai tafin hannu ba, amma ni a wurina shi kaɗai ya mayar min da kuɗina. Irin wannan akwatin yana warwatse a wurare da yawa cikin littafin, kuma shi ne bambancin ƙamus na mai koyo da ƙamus na ɗan harshe. Ɗan harshe ya riga ya san nauyin kalma a kunnensa. Mu da muka koya a aji, sai an gaya mana.

Bari in daɗe a kan “cheap” ɗin kanta, don ita ce ke yi wa mutanenmu ɓarna. Ma'anarta ta farko ba ta da laifi: abin da kuɗinsa kaɗan ne, ko ƙasa da yadda aka zata. Amma da ka sauka ƙasa kaɗan sai ka ga wata ma'anar, an maƙala mata alamar cewa kalmar kushe ce: abu mai araha kuma maras inganci. Idan Bature ya ce mace ta shafa “cheap perfume”, ba yabon iya cinikinta yake yi ba, cewa yake turaren na banza ne, mai hawa kai. Ƙasa da wannan akwai maganar da ba ta da mutunci, irin ba'ar da ake yi wa wanda ba ya iya ramawa. Akwai kuma mutum ya ji an wulaƙanta shi, an zubar masa da daraja. Sannan a Turancin Amurka, idan aka ce mutum “cheap” ne, marowaci ake nufi. Kalma ɗaya ke nan ɗauke da duk wannan kaya, kuma mai karanta tallarka ba ya sauke su kafin ya karanta.

Wata Hajiya mai sayar da leshi da atamfa ta taɓa zuwa da rubutunta a takarda, 'yarta ce ta rubuta mata: “Cheap and quality laces.” Ta ce a sa shi da manyan baƙaƙe, ruwan gwal.

Na ce, “Hajiya, ranki ya daɗe, leshin nan na nawa ne?”

Ta faɗi kuɗin. Ba na wasa ba ne, leshi ne na fitar biki.

Na ce, “To Hajiya, wadda za ta iya sayen wannan, idan ta ga kalmar nan ta farko, wucewa za ta yi. Wadda kalmar za ta jawo kuwa, da ta ji kuɗin za ta ce an yaudare ta.”

Ta ce, “Ai ɗana, nufina na fi na kanti sauƙi.”

Na buɗe mata shafin, na ɗora yatsa a kan alamar kushen nan, na fassara mata. Ta gyara tabarau ta duba, duk da ba karatun take bi ba, ta ce, “Ashe zagin kayana na zo in biya kuɗi a buga min.” Muka tsaya a kan “Quality lace at reasonable prices”. Ina ganin muhimmancin littafi a irin wannan wuri: da bakina kawai na faɗa, za ta iya cewa yaro ne yake son nuna boko. Da ta ga abin a rubuce cikin littafi mai kauri, sai magana ta ƙare.

Ba cewa nake a daina amfani da “cheap” ba. Abin da na lura da shi a aiki, kuma misalan ƙamus ɗin suka ƙara min ƙarfi a kai, shi ne: idan kayan iri ɗaya ne ko a ina ka saya, kalmar ba ta cutarwa. Data data ce, tikitin jirgi tikiti ne, buhun siminti na kamfani ɗaya bai san shagon da ya fito ba. Shi ya sa “cheap data” da “cheap flights” suke zama daram, har Turawan ma haka suke rubutawa. Amma abin da za a sa a jiki, ko a ci, ko a sha don magani, ko makarantar da za a kai yaro, to a nan kalmar tana jawo tambayar da ba ka so a yi: me aka rage? Akwai kuma wata 'yar dabara. “Cheaper” ba ta da dafin “cheap”, don ita kwatanci take yi tsakanin farashi biyu, ba hukunci take yanke wa kayan ba.

“Inexpensive” ita ce mafita ta farko da littafin ya nuna. Ya ce tana da ɗan nauyin rubutu, ba ta hira ba ce sosai, kuma ana ɗaukarta a madadin “cheap” daidai saboda gudun waccan ma'ana ta rashin inganci. Tana nuna abin ya ci kuɗinsa. Matsalarta a aikina ita ce tsawo, tana cin wuri a fosta, kuma ba kowane mai wucewa a Adaidaita ne zai karance ta kafin a gifta ba. Na fi sa ta a rubutun bayani, can ƙasa. A kula kuma, kaya take siffantawa, ba farashi ba. A ce “inexpensive shoes”, amma “inexpensive price” ba ya zama a kunne.

Wannan ya kai ni ga wata gardama da muka taso da ita. Malaman Turanci da yawa sun koya mana cewa farashi ba ya zama “cheap”, sai dai “low”. Kaya ne ke zama “cheap”. Shawara ce mai kyau ga mai rubuta jarrabawa ko wasiƙar ofis, kuma ni ma “low prices” nake zaɓa. Amma ƙamus ɗin bai ɓoye cewa Turawa da kansu suna cewa “cheap prices” da “cheap fares” ba, ya sa su cikin jerin haɗe-haɗen da ake yi. Ina son wannan hali nasa. Yana gaya maka abin da ake faɗa a zahiri, ya sa maka alama, ya bar ka ka zaɓa.

Sai “affordable”, sarauniyar tallar Najeriya a yau. Daga mai sayar da takalmi har mai sayar da fili a gefen Abuja, kowa “affordable” ne. Ma'anar da aka ba ta a fili take: abin da sauƙinsa ya kai yawancin mutane su iya biya. Ta fito daga “afford”, wato ƙarfin aljihu. Kalma ce mai mutunci, ba ta kushe kaya, ba ta kuma kushe mai saye, shi ya sa gwamnatoci ke son ta. Dokar kiwon lafiyar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a Amurka a 2010 da ita aka raɗa mata suna, Affordable Care Act. A Ingila kuma akwai wani rukunin gidajen haya da ake kira “affordable rent”, wanda kuɗinsa kan kai har kashi 80 cikin 100 na hayar kasuwa, kuma jama'ar can sun daɗe suna tambayar ga wa ke nan yake da sauƙi. Wannan tambayar ita ce ta dace da mu ma. Abin yana damuna ƙwarai in ga an rubuta “affordable” a kan gidan da ma'aikacin gwamnati ba zai iya saye ba ko da ya tara albashinsa na shekaru ba tare da ya ci abinci ba. Kalmar alkawari ce. Idan aka kawo min irin wannan aikin, nakan roƙi mai shi ya bari a rubuta farashin da lamba, mai saye ya yanke wa kansa hukunci. Wasu sukan yarda, wasu su ƙi, in buga musu abin da suka ce, amma sai na faɗi ra'ayina.

Kafin zuwan “affordable”, iyayenmu “low-cost” suka sani. Gidajen da gwamnatin Shehu Shagari ta gina tsakanin 1979 da 1983 sun bar sunan a garuruwa da yawa, har yau za ka ji ɗan acaɓa na tambaya ko Lokos za ka. Ita wannan kalma ta fi kama da ta tsari da hukuma: gidaje, jiragen sama, hanyoyin noma. Ba a cika maƙala ta ga ɗan kunne ko jaka ba.

“Reasonable” na fi ƙauna cikinsu duka, kuma na fi ba masu aikin hannu shawarar ta: tela, makanike, mai gyaran waya, mai makaranta, mai masauki. Ba ta ce abu yana da araha ba. Cewa ta yi ba a tsauwala ba, kuɗin ya yi daidai da hankali, babu zalunci a ciki. Ita da farashi take tafiya: “reasonable prices”, “reasonable fees”. Idan kayan kake son siffantawa sai ka juya ta, ka ce “reasonably priced”.

“Competitive” ta 'yan kwangila ce da masu sari. Ma'anarta farashinka ya yi daidai da na abokan gogayya ko ya gaza nasu. Duk wanda ke hulɗa da 'yan kasuwar Sin ta intanet ya gaji da ganinta, kowane saƙo daga Gwanzu da ita yake zuwa. Wani Alhaji mai kai kujeru da tebura makarantu ya kawo min takardar neman kwangila in gyara masa, ya rubuta cewa kayansa “very cheap” ne. Na ce, “Alhaji, kwamitin da zai duba takardar nan tsoron kujerar da za ta karye cikin zango ɗaya yake yi.” Muka mayar da ita “highly competitive prices”, haɗin da na ɗauko kai tsaye daga littafin. Amma kada a kai ta kan fostar mai shayi ko mai kaji, a can ba ta da aiki.

“Budget” kuwa tarko ce ga wanda ya san ta da kasafin kuɗi kawai. Idan ta zo gaban suna, musamman a talla, tana nufin abu ya yi araha saboda an cire ƙyale-ƙyale, an bar abin da ya zama dole. Kamfanonin jiragen Turai irin su Ryanair da easyJet su ne misalin da kowa ke bayarwa: tikitin da sauƙi, amma akwatin da za a sa a cikin jirgi kuɗinsa daban, zaɓen kujera daban, abinci daban. Kamar motar tasha ce, kuɗin mutum daban, na kaya daban. Don haka mai otal ɗin da ya zuba kuɗi a ɗakuna ya sa na'urar sanyaya ɗaki da janareta, idan ya rubuta “budget hotel” ya rage wa kansa daraja da hannunsa. Mai ƙaramin masauki mai tsabta, gado da fanka da banɗaki, shi kuwa kalmar tasa ce, kuma gaskiya ya faɗa. Littafin ya ja kunne cewa gaban suna kawai take zama, ba a cewa “this phone is budget”, sai dai “a budget phone”.

Akwai wata da ba ta cikin akwatin amma na fi neman ta tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da tallar sola da inbata ta cika min shago. Ita ce “economical”. Ba ta nufin abu yana da araha wurin saye. Tana nufin ba ya cin kuɗi wurin amfani, ba ya ɓarna. Sola tana da tsada ranar da ka saye ta, amma “economical” ce. Haka mota mai ƙaramin inji. Wannan ita ce ainihin maganar da masu sola ke son faɗa, amma sai su rubuta “cheap”, mai saye ya zo ya ji kuɗin batir ya juya. Wasu kuma su rubuta “economic”, wadda ta shafi tattalin arzikin ƙasa. Ƙamus ɗin ya raba su biyun da bayani na musamman.

Wurin da na ga littafin ya yi aikin da babu mai yi mana shi ne bambancin Ingila da Amurka. Mu a nan duka biyun muke sha, ɗaya daga makaranta, ɗaya daga waya. Ɗauki “on sale”. A Ingila yawanci tana nufin kaya sun fito kasuwa ana sayarwa. A Amurka tana nufin an yi ragi. “For sale” kuwa na sayarwa ne kawai, babu maganar ragi ko kaɗan, ita ake rubutawa a jikin gida ko mota. Haka “cut-price” ta Ingila ce, “cut-rate” ta Amurka. Kowacce an sa mata 'yar alama a gefe. Wanda bai saba duba alamomin nan ba ya yi asarar rabin littafin, kuma na lura yawancin ɗalibai ba sa duba su. Ma'anar farko suke karantawa su rufe.

Lokacin garaɓasar ƙarshen shekara aiki yakan yi yawa. Black Friday asalinta ranar Juma'ar da ke bin bikin godiya na Amurkawa ce a watan Nuwamba, amma a nan an ja ta ta cinye watan gaba ɗaya, har mai sayar da turaren wuta yana yin tasa. A nan ne ƙananan kalmomi ke yin babban aiki. “50% off” an rage rabi ke nan. “Up to 50% off” kuwa tana iya zama abu ɗaya tak aka rage wa rabi a duk shagon, saura an ɗan taɓa su. “From” a gaban farashi tana nufin daga nan aka fara, sama za a yi. Turancin daidai ne, babu malamin da zai ja masa jan biro, amma idan an shirya shi don mai karatu ya fahimci abin da ba shi ne ba, algus ne. Hadisin da ke cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu bai ware rubutun fosta ba. Abin da nake yi a nan shi ne in ƙi ƙanƙanta “up to” ɗin. Sau da yawa ana ce min in sa ta da ƙananan baƙaƙe yadda ba za a lura ba. Nakan ba da haƙuri in sa ta yadda ido zai gani.

Karin maganar araha ma suna nan birjik, kuma an sa wa yawancinsu alamar cewa na hira ne: “dirt cheap”, “going for a song”, “on the cheap”, “rock-bottom prices”, “knock-down price”, “cheap and cheerful” ta mutanen Ingila, wadda ke nufin abu mai araha amma ba laifi. Samari masu sayar da waya suna son su, don suna jin su a bidiyo. Wani yaro daga kasuwar waya ta Farm Centre ya ce in rubuta masa “It's a steal!” a ƙarƙashin hoton wayoyin hannu na biyu. Turancinsa daidai ne, ma'anarta an samu a bagas. Na ce masa, “Ƙanena, a kasuwar da kowane mai saye fargabarsa kada a sayar masa da wayar sata, kai kuma za ka rubuta kalmar sata da jan fenti?” Ya yi shiru, ya ce a sa “great bargain”. Wannan ba ƙamus ne ya gaya min ba, kuma ba aikinsa ba ne. Haka “dirt cheap”: ba na yarda in ɗora kalmar datti a kan hoton abinci. Sai “priceless”, wadda wasu ke zaton tana nufin kyauta ko kusa da kyauta. Akasin haka ne, abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi.

A shafin intanet na ƙamus ɗin akwai ɗan bayanin asalin kalma, kuma na “cheap” ya ba ni sha'awa. A tsohon Turanci ciniki kawai take nufi. Da can sai an ce “good cheap”, wato ciniki mai kyau, daga baya aka yar da ta farkon. Titin Cheapside na Landan daga nan ya samo suna, kasuwa ce tun asali. Kushen daga baya ya shigo.

Wanda ya kafa harsashin littafin malamin Turanci ne ɗan Ingila, A. S. Hornby, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a Japan. A Tokyo aka fara buga aikin a 1942, kafin maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948. Ina ganin wannan tarihi a jikin kowane shafi. Mutum ne da ya tsaya gaban ɗaliban da Turanci ba harshensu ba ne, ya ga inda suke tuntuɓe. Shi ya sa bayanan suke da sauƙin kalmomi, kuma misalai suka fi ma'anoni yawa. A bugu na 10 an sa wa muhimman kalmomi alamar mataki, daga A1 na mai farawa zuwa sama. “Cheap” A1 ce, kowa ya san ta. Wannan ma yana da amfani gare ni, don idan tallar ta mutanen unguwa ce, nakan guji kalmar da sai mai digiri.

Iyakarsa kuma a fili take, ba kuma aibi ba ne. Turancin Ingila da Amurka ne ginshiƙinsa. Kasuwarmu tana da nata Turancin: “last price”, “giveaway price”, “promo”, “fairly used”, “pocket-friendly”, da “awoof” na mutanen kudu. Nauyin waɗannan a kunnen ɗan Najeriya sai a kasuwa ake koyon sa. Wani lokaci “promo” ɗin nan guda ta fi duk kalmomi shidan jawo mutane. Idan mai sayenka ɗan Onitsha ne, da yarensa na ciniki za ka yi masa magana. Idan kuwa wasiƙa ce za ta tafi Dubai ko Gwanzu ko wani ofishi a Abuja, to a nan littafin yake da ranarsa. Abu na biyu, duk bayanin da Turanci ne. Wanda karatunsa bai kai ƙarshen sakandare ba zai buƙaci mai fassara masa, kamar yadda na yi wa Hajiya. Da ma a samu masananmu su yi mana irin wannan akwati da Hausa, a jera araha da rahusa da sauƙi da rangwame a gefe ɗaya, na Turanci a ɗaya gefen, a nuna wacce ke fuskantar wacce.

Game da jikin littafin, yana da kauri da nauyi, na ajiyewa a tebur ne. Takardar siririya ce kamar yadda aka saba a manyan ƙamus, rubutun kuma ƙanana, mai raunin ido zai nemi tabarau. Kalmomin kai suna da launi, abin da ke sa ido ya same su da sauri. A baya akwai shafukan hotuna masu launi da sashen koyar da rubutu, har da yadda ake tsara wasiƙar aiki, wanda na amfana da shi wurin gyara takardun 'yan kwangila. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne a halin da ake ciki, amma ga mai cin abinci da rubutu, bai fi ƙarfin amfaninsa ba.

Ba kowa ne ya kamata ya saya ba. Shafinsu na intanet kyauta ne, akwatin da na yi ta magana a kai yana can, kuma can za ka iya danna kalma ka ji yadda ake furta ta a Ingila da Amurka. Wannan yana da amfani ga masu yin tallar murya, don da yawa suna gajarta wasalin “cheap” sai ta koma “chip”. Mai shagon da ke rubuta tallarsa da kansa jefi-jefi, wayarsa ta ishe shi. Na takarda na irinmu ne da ke aiki ko da wuta ko babu, ko da sabis ko babu, kuma muke buƙatar abin da za mu juya mu nuna wa mai kawo aiki. Haka malaman makaranta da masu fassara da 'yan jarida.

Wanda zai saya ya yi hattara da na jabu, don sun cika gari, a bakin titi da cikin baro, a kan kuɗin da bai kai rabin na gaske ba. Na ga wanda wani ɗalibi ya shigo da shi shagona: tawadar ta zubo ta bayan takarda, alamomin nan ƙanana da na ce su ne rabin littafin duk sun dusashe ba sa karantuwa, wasu shafukan kuma an maimaita su, wasu babu. Kafin ka biya, buɗe tsakiyar littafin ka danna, ka ga ko ɗaurin zai riƙe. Duba shafukan hotuna na baya ko launinsu ya fita. Sannan ka nemo “cheap” ka karanta akwatin da ke kusa da ita tun daga sama har ƙasa a tsaye a wurin. Idan akwai layin da ba ya karantuwa, mayar masa da abinsa ka nufi kantin littattafai.